Macen sikilid ɗina ta daina cin abinci, ƙasan haɓarta ya kumbura

Abban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin abin ku taimaka mini. Ina da tankin gilashi mai tsawon ƙafa 3 a falo, da kifin ado da ake kira sikilid guda 9 a ciki: rawaya huɗu, shuɗi masu ratsin baƙi uku, sai biyu masu ruwan lemo. Yau kusan mako guda ke nan ɗaya daga cikin rawayan ba ta cin abinci. In na zuba sai ta taso har ta zo dab da shi, sai kuma ta juya ta koma. Ƙasan haɓarta ya kumbura, kullum tana maƙale a bayan dutse, bakin nata na ɗan motsi amma ba ta buɗe shi. Wani maƙwabcina ya ce in zuba gishiri da kafso a ruwan. Me kuka gani?

Baba Mai Tanki: Wa alaikumus salam. Abban Sadiq, kada ka zuba komai tukuna. Ka dubo mini abu biyu. Cikinta ne ya kumbura ko ƙasan baki kaɗai? Sannan ka ga wani farin kashi mai kama da zare yana binta?

Abban Sadiq: Baba, cikin ma ya ɗan faɗa. Ƙasan bakin ne kawai ya yi jaka. Ban ga farin kashi ba.

Baba Mai Tanki: To barka. Lafiyarta ƙalau, ƙwai ne a bakinta. Waɗannan rawayan naka su ne Labidochromis caeruleus, kifin Tafkin Malawi, kuma kusan duk sikilid ɗin tafkin nan haka suke haihuwa. Namiji zai share wani wuri a yashi ko a kan faffaɗan dutse, ya dinga karkarwa a gabanta har ta biyo shi. Sai su yi ta zagaya juna, tana zubar da ƙwai kaɗan kaɗan tana juyowa tana kwashewa da baki. A yawancin irin waɗannan kifaye, namiji yana da wasu ɗigo-ɗigo masu kama da ƙwai a fiffiken da ke ƙasan cikinsa wajen wutsiya. Tana kai baki wurin sai ya saki maniyyi, ya haɗu da ƙwan da ke bakinta. Daga nan ta rufe baki ke nan, mako uku, wani lokacin har huɗu in ruwan yana da sanyi. Motsin da kake gani juya ƙwan take yi don ruwa ya ratsa su kada su ruɓe. Da dare ka haska ta da ƙaramar tocila daga gefe. Nan da kwana goma za ka fara hango baƙin idanuwan 'ya'yan ta cikin fatar haɓar.

Abban Sadiq: Allahu Akbar. Wato mako uku ba ci? Ba za ta mutu ba, Baba?

Baba Mai Tanki: Ba za ta mutu ba in dama tana da jiki. Haka aka halicce ta. Abin da ke kashe su a wannan hali ba yunwa ba ce, duka ne daga sauran.

Ɗan Yauri: Wannan magana gaskiya ce. Ni a gidan su na tashi, mahaifinmu a kogin Neja ya yi rayuwarsa. Sau da yawa in an jawo koma an zube a jirgi, sai ka ga karfasa ta buɗe baki ta amayo 'ya'ya ƙanana a ƙasan jirgin, suna ta watsal-watsal a ɗan ruwan da ya taru. Muna yara mun ɗauka cinye su ta yi, sai manya suka ce mana a'a, goyo take yi. Ashe na gilashin naku ma dangi ɗaya ne da ita?

Malamin Kifi: Dangi ɗaya ne, ɗan uwa. Karfasar da muke soyawa sikilid ce cikakkiya. Abin da zai ba ka sha'awa ma, a ruwayenmu na nan kusan kowane salon reno akwai shi. Oreochromis niloticus, wadda aka fi kiwo a kududdufi, mace ce ke ɗauka a baki. Sarotherodon galilaeus, da ake samu a Tafkin Chadi da kogin Neja, uwa da uba duk suna ɗauka. Akwai kuma Sarotherodon melanotheron a ruwan gishiri-gishiri na bakin teku irin na Legas, ita namiji ne ke goyon. Sai Coptodon zillii, wadda ba ta ɗauka a baki sam, a ƙasa take zuba ƙwai, iyayen biyu su tsaya gadi. Shi ya sa kafin mutum ya ce zai haifar da sikilid, tambayar farko ita ce wane iri ne, domin shirin da za ka yi wa mai ɗauka a baki daban, na mai zubawa a kogo daban.

Bakanen Legas: Abban Sadiq, ni ga shawarata a matsayin wanda ke fitar da su yana sayarwa. Ka ƙirga daga ranar da ta daina ci. In ta kai kwana 18, ka kamo ta, ka jiƙa hannunka, ka riƙe ta a cikin kwanon ruwan tankin, ka ɗan buɗe leɓen ƙasa da tsinken sakace marar tsini ko farcenka, ka girgiza kanta a hankali cikin ruwan. 'Ya'yan za su zubo. Minti ɗaya an gama. Ita ta koma cin abinci, su kuma ka samu dukkansu. In ka bar ta a babban tanki ta sake su da kanta, kafin gari ya waye shuɗayen nan sun lashe su.

Baba Mai Tanki: Nan kam ban bi ka ba. Kai hannunka ya saba, shi bai taɓa riƙe kifin nan a hannu ba. Muƙamuƙin kifi mai santimita 8 abu ne da ƙaramin ƙarfi ke gocewa, kuma in ya goce ba likitan da zai mayar. Sannan ƙirgan ma ba tabbas, domin ya ce kusan mako guda. In ya buɗe da wuri ya tarar 'ya'yan na ɗauke da jakar gwaiduwa a ciki, ba sa iya iyo, za su kwanta a ƙasa su ruɓe, sai in yana da abin juya ƙwai. Me ya kawo gaggawa? Ba kasuwa zai kai ba.

Bakanen Legas: Baba, da girmanka, amma a gidajen ƙyanƙyasar karfasa haka ake yi, a buɗe baki a kwashe ƙwai. Malamin Kifi yana nan, ya faɗa in ƙarya ne.

Malamin Kifi: Haka ne, ana yi. Ana kwashe ƙwan daga bakin uwa a zuba a tulunan ƙyanƙyasa da ruwa ke juyawa, ita kuma ta sake yin wani ƙwan da wuri. Amma ka lura da dalilin: can yawa ake nema, ga kayan aiki, ga ma'aikata da suka ƙware. Karfasa kuma babba ce, tana jure riƙo. A falon Abban Sadiq ni ma ina bayan Baba. Akwai wani abin kuma da nake ganin asara ce a rasa shi. Wanda bai taɓa ganin uwa ta saki 'ya'yanta da kanta ba, ya ga yadda take tsayawa a kansu, bai ga rabin abin da ya sa ake kiwon kifin nan ba.

Bakanen Legas: Na ji. Amma a babban tanki dai ba za su tsira ba, wannan ku yarda.

Baba Mai Tanki: Wannan na yarda. Ga abin da za ka yi, Abban Sadiq. Ka nemi ƙaramin tanki, ko da lita 40 ne, ko robar ajiya mai tsabta wadda ba a taɓa zuba sabulu a ciki ba. Ka cika da ruwan babban tankin, ba sabon ruwa ba. Ka sa guntun tukunyar ƙasa ko dutse biyu da za ta ɓuya. Ka bari ta shiga mako na biyu zuwa na uku kafin ka ɗauke ta, domin in ka tsorata ta tun ƙwan yana sabo za ta iya tofar da shi ko ta haɗiye. Ranar ɗauka, ka yi da sassafe kafin a kunna fitila, ka kora ta da raga zuwa cikin kofin roba, ka ɗago ta da ruwanta. Kada ta fito iska a cikin raga. In kuma ta haɗiye duk da haka, kada ranka ya ɓaci, masu haihuwar fari sukan yi.

Maman Ilham: Baba ka manta da maganar soso.

Baba Mai Tanki: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Yi masa bayani.

Maman Ilham: Yaya, ƙaramin tankin nan in ka sa masa sabon mataci fil, ka sa uwa da 'ya'ya a guba. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama ammoniya, ita kuma tana ƙona musu wurin shaƙa. Abin da ke cinye ta wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a soson mataci, su mayar da ita wani sinadari mai guba shi ma, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, wanda ba ya cutarwa sai ya taru da yawa. Kafin ƙwayoyin nan su kafu a sabon soso ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. To tun yau ka sayi ƙaramin matacin soso mai aiki da famfon iska, ka jefa shi cikin babban tankin ya yi ta aiki, ranar da za ka ɗauke ta sai ka ɗauke su tare. Ko ka yanki wani ɓangare na tsohon sosonka ka yi amfani da shi. Kuma don Allah, kai da duk mai karantawa, ba a wanke soso da ruwan famfo, kulorin ɗin da ke cikinsa yana kashe ƙwayoyin nan. A ruwan da ka zuƙo daga tankin za ka matse shi sau biyu, ya fito da launin ƙasa-ƙasa, ka mayar. Yawancin masu cewa na wanke tanki tas washegari kifi suka mutu, wannan ne ya kashe su. Ruwa ba ya tsami banza.

Abban Sadiq: Na gode ƙwarai, Hajiya. Ruwan rijiyar burtsatse nake amfani da shi, shi ma sai na ajiye ya kwana?

Malamin Kifi: Na burtsatse ba kulorin a ciki, in dai ba a zuba a tankin sama ba. Amma ka bar shi ya ɗan sha iska a bokiti, zafinsa kuma ya daidaita da na tankin. Abin da ya kamata ka auna shi ne pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, lambar na raguwa tsami na ƙaruwa. Ruwan Tafkin Malawi yana tsakanin 7.7 da 8.6, kifin sun fi sakewa a wannan. Burtsatse kuwa kowace da halinta, wata unguwa ruwan mai nauyi ne, wata kuma mai ɗan tsami. In naka ya yi ƙasa da 7, ka sa dakakken bawon kawa ko farar ƙasa ta dutse a cikin mataci, a hankali zai ɗaga. Kada ka bi shi da magungunan kwalba kana ɗagawa yau gobe ya faɗi. Kifin da aka haifa a tanki ya fi jure pH ɗin da ya tsaya wuri ɗaya, ko da bai kai yadda ake so ba, a kan wanda ke hawa da sauka.

Ɗan Maraɗi: Ina gaishe da kowa. Ni abin da ke damuna da kifin Malawi a ƙasarmu zafi ne da wuta. Littafi ya ce digiri 24 zuwa 28. A nan Maraɗi cikin Afrilu da Mayu ruwan ɗaki yana haura 30 ba tare da ka yi komai ba, kuma ruwa in ya yi zafi iskar da ke cikinsa raguwa take yi. A wannan lokacin ne kuma wuta ta fi ɗaukewa. Sai ka tarar duk sun taru a sama suna haki. Uwa mai ƙwai a baki ita ce ta fi shan wahala, tunda bakin da za ta shaƙi ruwa da shi a cike yake. Abban Sadiq, kafin ka sayi wani kifi ko wani dutse na ado, ka sayi famfon iska mai batir wanda ake caja. Ni nawa a jikin ƙaramin sola yake. In zafi ya tsananta ina buɗe murfi in saita ƙaramar fanka tana busa saman ruwan, yana sauke digiri biyu ko uku, sai dai kullum kana ƙara ruwan da ya ƙafe.

Baba Mai Tanki: Kuma kada a jefa ƙanƙara kai tsaye. Da hunturu kuma akasin haka, a Kaduna da Zariya da Jos ruwa na sauka ƙasa da 20 da asuba, nan ne cutar farin ɗigo ke kama su. Hita mai kashe kanta ta zama dole daga Disamba zuwa Fabrairu.

Ɗan Maraɗi: Baba, ga wata tambaya da ta shafi tankin nasa. Ana cewa a cika waɗannan kifaye da yawa don faɗa ya ragu. Ni ina tsoron wannan shawara.

Baba Mai Tanki: Shawarar tana da tushe. Mbuna, wato waɗannan masu zama cikin duwatsu, kowane namiji yana kama wuri ya ce nasa ne. In su uku ne a tanki, babban zai sa ɗaya a gaba har ya kashe shi. In sun kai goma sha biyu, kafin ya bi wannan wancan ya gifta, duka ya rarrabu. Amma waɗanda suka kawo dabarar suna da wutar da ba ta ƙiftawa da mataci biyu. Mu nan in ka cika tanki wuta ta tafi awa takwas, ka yi jana'iza. Don haka tsoronka daidai ne. Gara a rage iri, a ƙara duwatsu har su tsare wa kifi ganin juna, a yi namiji ɗaya mata uku ko huɗu. Kuma gaskiya ƙafa 3 ta yi wa tara ɗin nan kaɗan in sun girma. Ƙafa 4, wajen lita 200, ita ce mafari. Ka tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce, ban da gilashi da duwatsu, ba a ɗora wannan a kan teburin talabijin.

Ɗan Yauri: Me kuke ba su? Ni da na ce abincin tarwada ƙanana zai yi, ga shi da araha.

Malamin Kifi: A'a, wannan kam kada a yi. Abincin tarwada an haɗa shi ne don kifi ya yi ƙiba cikin 'yan watanni, furotin da mai sun yi yawa. Mbuna a tafki gansakukar jikin dutse suke kankara duk yini, hanjinsu dogo ne, na mai cin ganye. In ka ɗura musu mai maiƙo sai ciki ya kumbura, kashi ya zama farin zare, kifi ya daina ci, cikin 'yan kwanaki ya tafi. Wannan ne Baba ya tambaya a kai tun farko. Rawayan nan suna da ɗan sauƙi don su a tafki suna cin ƙananan ƙwari, amma shuɗayen da masu ruwan lemo sai an kiyaye. A nemi abinci mai spirulina a ciki, wato wata irin koriyar gansakukar ruwa, a ba su abin da za su cinye cikin rabin minti, sau biyu a rana. Ganyen alayyahu da aka tsoma a tafasasshen ruwa aka maƙale da dutse ma suna so.

'Yar Injamena: Spirulina ɗin nan da kuke saye a gwangwani, a wajenmu matan Kanembu ne ke kwasarta a tafkunan kanwa da ke gefen Tafkin Chadi, su shanya a yashi ta bushe, ana ce mata dihe, miya ake yi da ita. Ina ɗan daka wa nawa kaɗan in haɗa da abincinsu. Sai dai a tankaɗe sosai saboda yashi, kuma kaɗan, don tana rina ruwa.

Maman Ilham: Ni dai bari in faɗi abin da ke raina, ko da za a ce na kauce. Kullum sabon shiga ya zo sai a tura shi ga kifin Malawi, alhali a ƙasarmu akwai sikilid ɗin da Turawa da Amurkawa suka shafe shekaru suna kiwo suna alfahari da shi. Kribensis nake nufi, Pelvicachromis pulcher. Asalinsa ƙoramun kudancin Najeriya ne, yankin Neja Delta, zuwa gaɓar Kamaru. Namiji ba ya wuce santimita 10 da ɗan kai, mace ta fi ƙanƙanta. Lita 80 ta ishi mata da miji. Ba ruwansa da farar ƙasa, ba ya tone shuka yadda mbuna ke yi, ba ya buƙatar taro.

Kuma renonsu, wallahi sai wanda ya gani. Na kife musu ƙaramar tukunyar ƙasa da na fasa wa ƙofa a gefe. In mace ta shirya, cikinta sai ya yi ja jawur har da ruwan shunayya, ta lanƙwasa jiki a gaban namijin tana nuna masa cikin tana karkarwa. Sai ka ga sun fara fito da yashi daga tukunyar baki baki suna tarawa a ƙofa. Rana ɗaya sai ta ɓace. Ta manna ƙwan a rufin tukunyar daga ciki, tana yi musu fifita da fiffikenta, shi kuma yana sintiri a waje, ko hannunka ka sa sai ya sare ka. Kwana uku su ƙyanƙyashe, bayan kamar mako guda da zubawa ta fito da su. Garke guda ƙanana a ƙarƙashin cikinta, tana tafe suna tafe. In inuwa ta gifta sai ta yi wata girgiza, duk su kwanta a yashi cak, ba mai motsi. Wanda ya yi nisa ta ɗauko shi da baki ta tofa shi cikin 'yan uwansa. In ta tafi cin abinci uban ya karɓa. Da magariba ta mayar da su tukunya ɗaya bayan ɗaya. Yarana sun bar kallon waya saboda wannan.

Bakanen Legas: Hajiya, ba wanda ya ƙi. Amma kasuwa launi take so. Mai saye yana shigowa rawaya da shuɗi yake nunawa. Kribensis a tankin shago fari fat yake zama, ba ya nuna kansa sai ya natsu a gida.

Maman Ilham: To ai aikin mai sayarwa ne ya gaya masa haka. Mutum nawa suka sayi rawaya da shuɗi da kifin oska da na anjel a leda ɗaya, bayan wata guda suka kife tankin suka ce kiwon kifi ba shi da albarka? Oska da anjel na kogunan Amazon ne, ruwa mai laushi suke so, oska kuma yana kai santimita 30 ya haɗiye duk abin da ya shiga bakinsa. Da an ba su kribensis biyu da tukunya, da yanzu suna cikinmu.

Bakanen Legas: Wannan kam gaskiyarki. Ni dai ina faɗa wa masu saye, wasu su ji wasu su ƙi.

Ummu Hanan: Ku yi haƙuri da katsalandan. Surukata ta ce tsare kifi a gilashi zalunci ne. Akwai laifi a addini?

Baba Mai Tanki: 'Yata, ni ba malami ba ne, ki ƙara tambayar malamai. Abin da muka ji daga gare su shi ne ya halatta in za ka ba dabba haƙƙinta, suna kafa hujja da ƙanen Anas ɗan Malik da yake da ɗan tsuntsunsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ba. Suna kuma tsoratarwa da matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha. A wajen kifi haƙƙin ya haɗa da ruwa. Canjin kashi ɗaya cikin huɗu duk mako, ba fashi.

Abban Sadiq: Salam 'yan uwa, na dawo da labari. Na bi yadda Baba da Hajiya suka ce. Na ɗauke ta da kofi, ba ta tofar ba. Jiya da safe na tarar da 'ya'ya 14 a gindin tukunya, kowane ya kai tsawon ƙwayar shinkafa, suna iyo sosai. Da na matso ta yi ƙasa da kai wasu suka koma bakin, yau kuma ta daina karɓarsu. Na ba ta abinci ta ci kamar ba gobe. Yanzu me zan ba su, yaushe kuma zan mayar da ita?

Baba Mai Tanki: Masha Allah, barka da arziki. Tunda ta daina karɓarsu, raba su, domin yunwa na iya sa ta ci. In kana da wata roba ka ajiye ta ita kaɗai mako guda tana ci ta mayar da jiki, in ba haka ba tana komawa namijin zai sake matsa mata. Ranar mayarwa ka sauya wa duwatsun zama, ka kashe fitila, kowa ya shagala da neman sabon wuri. 'Ya'yan kuwa manya ne tun fitowa, ka murje abincin iyayen da yatsa ya zama gari, kaɗan kaɗan sau uku ko huɗu a rana. In ka samu ƙwan artemiya, wasu mitsi-mitsin halittun ruwa dangin jatan lande, ka ƙyanƙyashe a ruwan gishiri, sun fi saurin girma da shi. Gwaiduwar ƙwai tana ɓata ruwa, ka bar ta. Ka dinga zuƙe ƙasan da siririn tiyon iska duk bayan kwana biyu, ka duba bokitin kafin ka zubar.

Malamin Kifi: Barka. Amma akwai abin da nake so ka sa wa ido, kada murna ta rufe shi. Ka ce akwai masu ruwan lemo biyu a tankin. In Metriaclima estherae ne, an san su da hawan matan rawayan nan. Ka ga lokacin da aka yi barbarar?

Abban Sadiq: Ban gani ba, Malam.

Malamin Kifi: To ka jira su kai wata biyu zuwa uku. Rawaya na asali jikinsa rawaya ne tas, da baƙin layi a fiffiken baya, baki ɗan siriri. In ka ga sun fito da ruwan lemo-lemo, ba baƙin layin, kai ya yi faɗi, gauraye ne. Ka riƙe su a gida ka more kallonsu, amma kada ka sayar ko ka raba da sunan rawaya.

Bakanen Legas: Malam, in kifi ya yi kyau mai saye ya gani yana so, ina matsalar?

Malamin Kifi: Matsalar tana zuwa a haihuwa ta biyu. Wanda ya saya zai haɗa da nasa, ya raba wa wasu, nan da 'yan shekaru a nemi rawaya na gaske a garin a rasa, kuma shigo da sabo daga waje ba ƙaramin kuɗi ba ne. Tafkin Malawi yana da sikilid sama da iri 700, kusan dukkansu babu su a ko'ina a duniya sai can, shi ya sa UNESCO ta sa gandun da ke kudancin tafkin cikin wuraren tarihi na duniya a 1984. Cikin abin da ya raba su iri iri akwai yadda mace take zaɓen namiji da launinsa. A tanki mun matse su wuri ɗaya mun rushe wannan zaɓin, to aƙalla mu faɗi gaskiyar abin da ke cikin leda. In ka ce wa mai saye gauraye ne ya ce ya ji ya gani, ba ni da ta cewa.

Ɗan Yauri: In sun yi wa mutum yawa fa? Ba sai ya kai kogi ya sake ba?

Malamin Kifi: Wannan ne ma ya fi komai haɗari. Giwan ruwan da muke taƙama da shi a Argungu, a nan gidansa ne, ba ya ɓarna. Da aka zuba shi a Tafkin Victoria a shekarun 1950, zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, ana ƙiyasta sikilid kusan iri 200 suka ɓace, shi da gurɓatar ruwa suka haɗu a kansu. Ba wanda ya san abin da baƙon kifi zai yi a ruwan da ba nasa ba, ga cututtukan tanki da zai kai wa na kogi. Wanda nasa suka yi yawa ya sanar a nan, ko ya mayar wa mai shago.

Ummu Hanan: Hajiya Maman Ilham, ni kin sa mini son kribensis ɗin nan. In na samu, mace da namiji kawai zan saya in zuba?

Maman Ilham: Ƙanwata, fara da tankin, ki bar shi da mataci yana aiki, ki roƙi guntun tsohon soso a wajen wani mai kiwo na kusa da ke. In ya kafu sai ki sayi ƙanana biyar ko shida su tashi tare, su zaɓi juna da kansu, don haɗin dole yakan ƙare da duka. Za ki gane mace da gajarta da zagayen ciki mai ja, namiji kuma dogo ne, fiffiken bayansa ya yi tsini. In biyu sun kama tukunya sun fara korar sauran, ki kwashe sauran ki ba wasu. Ki sa tukunya biyu, ba ɗaya ba, ƙofofin kada su kalli juna, yashi kuma mai laushi wanda aka wanke har ruwansa ya fita fari. In kika ga bayan 'ya'ya sun fito ɗaya daga iyayen ya fara fatattakar ɗayan, ki cire wanda ake kora, guda ɗaya ya isa ya ƙarasa renon.